Reshe ya yaga rufin motar kwana: faci ko sabon rufi?

Sabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san rufin motar kwana, wato mota mai ɗaki da ake kwana a ciki a wajen tafiya. Tawa irin wadda ake ja ce, tsawonta mita 7, shekararta 11, rufinta farar roba. Reshen bishiya ya kama ta wajen shiga da ita ma'ajiya, ya yaga robar kusa da na'urar sanyi. Yagar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, na rufe da tamfol. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da na hau dubawa na ji wani wuri yana lotsawa a ƙarƙashin gwiwata, sannan na ga tabo ruwan ƙasa a silin na cikin kabad ɗin gaba. Mai gyara na farko ya ce faci ya isa. Na biyu ya ce sai an kware rufin gaba ɗaya. Kuɗin da suka faɗa kuwa ba su ma kusanci juna ba. Wanne zan bi?

Nasiru:
Wa alaikumus salam. Malam Sabo, taƙi ɗaya ai ba abin kware rufi ba ne. Nemi tef ɗin facin rufi na EternaBond mai faɗin inci 4 ko 6. Ka wanke wurin, ka goge da sifirit, ka bari ya bushe sarai, ka yanka tef ɗin yadda zai zarce yagar da kamar santimita 5 ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada iska ta sami bakin kamawa. Sirrinsa dannawa ne, da ƙaramar rola ake bin sa da ƙarfi, don matsi ne ke sa gam ɗinsa ya kama. In ka yi shi daidai, robar da ke gefensa za ta riga shi mutuwa.

Baba Ɗanlami:
Sannu Malam Sabo, Allah ya mayar da alheri. Kafin kowa ya ce maka faci ko canji, amsa min uku. Yaushe reshen ya kama ta? Ruwan sama nawa aka yi a kanta kafin ka rufe? Wurin da ke lotsawa, a bakin yagar yake ko da tazara?

Sabo:
Baba, makon jiya ne. Ruwa ɗaya aka yi, shi ma ba mai yawa ba. Wurin da ke lotsawa yana gaba da yagar da kamar mita ɗaya, dab da inda rufin ya haɗu da goshin motar.

Baba Ɗanlami:
To ɗana, matsala biyu gare ka, kuma reshen nan ƙaramarsu ya kawo. Katako ba ya ruɓewa a mako ɗaya. Filawud ɗin da ke ƙarƙashin robar kafin ya yi laushin da gwiwa za ta ji, sai ya sha ruwa ya bushe, ya sha ya bushe, watanni ko shekaru. Wannan tabon na kabad ma tsohon naso ne.

Bari in jera maka yadda rufin yake daga sama. Robar da kake gani siririya ce, kaurinta bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, an shimfiɗa ta da gam a kan filawud ko katakon OSB, wato allon gutsattsarin katako da aka matse da gam. A ƙarƙashin katakon akwai azarori da suka gitta, na katako ko na alminiyom, tsakaninsu an cusa abin tare zafi, sai silin. Robar ita kanta ba kasafai take yoyo a tsakiyarta ba. Inda aka huda ta ne ruwa ke bi: tagogin iska, tagar haske, gindin eriya, ƙafafun tsani, da haɗin gaba da na baya. Haɗin gaba shi ya fi shan wuya, iska da ruwa shi suke fara duka a kan hanya, jikin motar kuma yana murɗawa duk sa'ad da taya ta faɗa rami, gam ɗin wurin ya yi ta tsagewa kaɗan-kaɗan.

Shawarar Nasiru daidai take a kan yagar. Amma ba ta taɓa wancan wurin ba.

Nasiru:
Baba, da girmanka, amma rabin tsofaffin motocin kwana da ke kan titi suna da wuri mai laushi a rufi kuma suna tafiyarsu. A toshe inda ruwan ke shiga, a daina taka wurin, shi ke nan. Masu gyara kuwa kowa ya san wanne aiki suka fi so a ba su.

Hajiya Rabi:
Malam Sabo, abu biyu kafin gardama ta yi nisa. Na ɗaya, ka ɗauki hoton yagar da reshen da wurin da abin ya faru tun ba a taɓa komai ba. Inshora yawanci tana biyan ɓarnar da ta zo farat ɗaya, irin reshe ko ƙanƙara, ba ta biyan ruɓewar da ta zo daga rashin kula da gam. In ka riga ka liƙe wurin ka rage wa kanka hujja. Ka karanta takardarka ka kira su tukuna.

Na biyu, tamfol ɗin nan kada ya daɗe. In ya kwanta a kan robar yana kulle danshi a ƙarƙashinsa, in iska ta taso kuma yana gogar ta. Ka ɗaga shi da wani abu iska ta riƙa ratsawa.

Ummi:
Tambaya daga mai koyo. Ba zai yiwu tabon kabad ɗin gumi ba ne kawai? Mu in mun kwana da sanyi tagogi a rufe, da safe sai ka ga ruwa yana tsiyaya a bango.

Injiniya Auwal:
Malama Ummi, tambayar tana kan hanya. Numfashi, girki da wutar gas duk suna sakin tururi, ya je ya kwanta a wuri mai sanyi, kuma cikin kabad da aka rufe yana daga wuraren da ya fi so. Sai dai gumi farin ruwa ne, abin da yake bari ɗigon baƙar funfuna ne a fuskar allo. Tabo ruwan ƙasa mai zobe a gefensa alama ce ruwan ya ratso ta cikin katako ya ɗebo launinsa.

Malam Sabo, a daina kintace, a auna. Sami na'urar auna danshin katako, mai ƙusoshi biyu. Daga ciki za ka bi silin da saman bango, taki-taki, kana rubuta lambar a ɗan tef kana mannawa. Ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya ne. Tsakanin 15 da 20 a sa ido. Daga 20 zuwa sama katako ya shiga yanayin da ruɓa ke iya kama shi, in ya kai wajen 30 ya ƙoshi da ruwa. Ka kula, in ƙusoshin suka taɓa alminiyom lambar za ta yi tsalle ta ba ka ƙarya. Idan ka gama za ka ga taswirar jiƙar a gabanka, kuma sau da yawa ta fi wurin da gwiwa ta ji faɗi.

In kana son sanin ainihin ƙofar ruwan, akwai gwajin iska. Ana rufe ko'ina, a sa fanka mai ƙarfi ta tura iska cikin motar ta ɗaya daga tagogin sama, sai a fesa ruwan sabulu a kan kowane haɗi daga waje. Inda kumfa ta taso, nan ne. Ya fi zuba ruwa da tiyo, domin ruwa yana iya shiga ta nan ya bi azara ya ɗiga can nesa.

Baba Ɗanlami:
Nasiru, zo mu yi maganar "a daina taka wurin". Ƙarfen da ya danne bakin robar a haɗin gaba, da me aka ɗaure shi? Da sukuru. Sukurun a cikin me ya kama? A cikin katakon nan da ya ruɓe. Ka zuba sabon gam a kai, sukurun yana rawa a raminsa, wata biyu ya sake tsagewa. Gam ɗin da ya riƙe robar da katako shi ma ya saki tun da wurin ya jiƙe. Ka taɓa bin bayan motar kwana a babban titi ka ga rufinta ya kumbura daga gaba yana kaɗawa? Iska ce ta sami hanya ta shiga ƙarƙashi. Ran da ta sami baki sosai, ɗaye robar take yi tun daga goshi.

Kuma ruwan ba a rufi yake tsayawa ba. Yana gangarawa cikin bango. Bangon irin waɗannan motoci faiba ce aka manna a kan siririn filawud, in ya jiƙe sai su rabu, ka ga gefen motar ya yi tudu-tudu. Gyaran wannan ya fi na rufi tsada da wahala, wani lokacin ma ba ya gyaruwa yadda za a ce an gyara.

Nasiru:
Na ji ta sukuru, wannan gaskiya ce. Amma har yanzu ban ga dalilin kware mita 7 saboda mita ɗaya ba.

Baba Ɗanlami:
Ni ma ban ce a kware ba tukuna. Cewa na yi a buɗe a gani.

Lawal:
Me zai hana ya shafe rufin duka da fentin roba ɗin nan mai kauri? Na ga ana yi, rufi ya dawo fari fes, an ce yana ƙara masa shekaru.

Injiniya Auwal:
Yana ƙarawa, Malam Lawal, ga rufin da katakonsa ke da lafiya kuma robarsa ta fara sirancewa kawai. A kan jiƙaƙƙen katako kuwa ka rufe ruwan a ciki ne, ya rasa ta inda zai fita. Sannan a san irin wanda za a shafa. Akwai na akirilik, akwai na silikon. Na silikon yana jure ruwan da ya kwanta, amma daga ran da ka shafa shi babu abin da zai ƙara kama rufin nan sai wani silikon ɗin. Tef ɗin da Nasiru ya ambata ma ba ya kama shi.

Ummi:
Ni har yanzu ban gane wace irin roba ake magana ba. An ce min iri-iri ne.

Baba Ɗanlami:
Iri-iri ne 'yata, kuma Malam Sabo yana bukatar sanin tasa kafin ya sayi ko da kwalin gam ɗaya. Waɗanda suka fi yawa EPDM da TPO, sai PVC. Hanya mai sauƙi: daga cikin mota, kwance sukurorin firam ɗin tagar iska, ka sauke shi. Za ka ga leɓen robar da aka lanƙwaso cikin ramin aka ɗame da sitefula. Ɗaga shi. In sama fari ne ƙasa baƙi, EPDM ce. In launi ɗaya ne ciki da waje, galibi TPO ce. Tun da ka buɗe wurin, ga gefen katakon nan a fili, soka masa sukundireba ka ji.

EPDM tana sakin farin gari da tsufa, shi ne zanen da kuke gani yana gangarowa a gefen mota bayan ruwa. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne ran da farin ya ƙare baƙin ya fara leƙowa. Kuma kada wanda ya kusance ta da fetur, kananzir, tina ko kwaltar facin rufin gida. Tana shan su ta kumbura ta saki katako.

Sabo:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da na samo. EPDM ce. Danshi a bayan mota da tsakiya 11 zuwa 13. A kusa da yagar 17. Daga tagar iska ta gaba zuwa goshi 26 zuwa 34, daga wannan gefe har wancan. Saman bangon hagu ya ba ni 22 a kusurwa, sauran bangon lafiya. A haɗin gaba na tarar wanda ya riƙe motar kafin ni ya bi kan tsohon gam da silikon, da yatsa na ɗago shi kamar igiya, ƙarƙashinsa a tsage, sukuru biyar suna juyawa ba sa kamawa. Na ɗaga robar kaɗan, katakon ya yi baƙi yana marmashewa. Azarori biyu na gaba sun yi duhu amma sukundireba bai shige su ba. Sannan, Baba, baƙin da ka ce yana leƙowa, akwai shi a gefuna biyu inda rufin ya lanƙwasa, har zuwa baya. 'Yan inshora sun ce yagar kaɗai za su duba.

Nasiru:
To ga shi nan, kashi ɗaya cikin uku ne ko ƙasa da haka. A yanke robar a bayan tagar gaba, a cire ruɓaɓɓen katako har zuwa tsakiyar azara mai lafiya, a sa sabo, a shimfiɗa sabuwar roba a gaban, a haɗa da tsohuwar da tef. Yagar kuma a yi mata faci. Ana yin haka kuma yana riƙewa.

Injiniya Auwal:
Ana yi. In za a bi wannan, sabuwar ta gaba ce za ta hau kan tsohuwar ta baya, bakin haɗin ya kalli baya, don iskar tafiya ta riƙa kwantar da shi maimakon ɗaga shi. Kuma kada a rufe sai azarorin da kusurwar bangon nan sun sauko ƙasa da 15. Abin tare zafin da ya jiƙe a zubar da shi, ba ya bushewa a inda yake.

Baba Ɗanlami:
Da motar shekara 4 gare ta, da ni zan fara cewa a yi yadda Nasiru ya ce. Robar da ta rage tana da sauran rai mai yawa, asara ce a zubar. Amma ku dubi wannan. Garantin da masu yin irin robar nan ke bayarwa yawanci shekara 10 ne zuwa 12, tasa tana 11, kuma baƙi ya fito a gefuna, wato ta sirance a daidai inda ta fi shan ja. Sabuwar roba za ka ɗinka a jikin wadda ke kan hanyar fita.

Sai lissafin aiki. Kuɗin canza rufi ba a robar yake ba, a hannu yake: sauke na'urar sanyi, cire tagogi, kwance ƙarafan gefe, kankare tsohon gam. Don gyaran gaban nan kaɗai dole a cire ƙarfen goshi, tagar gaba, da ƙarafan gefe biyu zuwa inda aka yanka. Yagar tana gindin na'urar sanyi, kuma wurin ya ba da 17, ni ba zan liƙe ba sai na sauke na'urar na ga katakon. To me ya rage? Tagar banɗaki, eriya, haɗin baya. Ka riga ka biya fiye da rabin wahalar. In bayan shekara biyu ko uku tsohuwar ta gaza, duk abin da aka ɗaura yau sai an sake kwance shi, a sake biya.

Nasiru:
Wannan lissafin na wanda zai riƙe motar ne. In Malam Sabo yana da niyyar sayarwa baɗi fa? Babu mai saye da zai mayar masa da kuɗin sabon rufi. Kuma akwai motar da darajarta gaba ɗaya ba ta kai a kashe mata wannan ba.

Hajiya Rabi:
Maganar darajar mota gaskiya ce, ya kamata ya auna. Ta sayarwa kuwa, in ya yi rabin gyara sai ya faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashi, ya nuna masa hotuna. Ai ɓoyewar ce aka yi masa da silikon ɗin nan, aka shafe aka miƙa masa. Mai saye mai wayo ma da na'urar auna danshi yake zuwa yanzu.

Sabo:
Ba sayarwa zan yi ba Hajiya, yara sun saba da ita, kuma ƙasanta da firam ɗinta lafiya lau. Na tsaya a kan canza robar duka, katako kuma iya wanda ya lalace. Yagar zan sa mata tef yanzu don a samu a cire tamfol. Ina tunanin in yi kwance-kwancen da kankara da kaina, in bar wa mai gyara katako da shimfiɗa. Muna da tafiya ƙarshen wata mai zuwa, ina fatan a gama kafin nan.

Baba Ɗanlami:
Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. Bushewar azara ba ta san kalandarka ba, kuma ba ka san abin da za ka tarar a baya ba sai an ɗaye. Ka sa a ranka tafiyar tana iya ɗagawa.

Raba aikin da ka ce yana rage kuɗi sosai, amma ka yi magana da mai gyaran tun yanzu, wasu ba sa ba da garanti a aikin da wani ya fara. Ka sami rumfa, rufi a buɗe ba ya kwana a waje. Na'urar sanyi tana kai kilo 30 zuwa 45, daga ciki ake kwance notinta huɗu, kuma mutum ɗaya ba ya sauke ta a kan tsani. Ka cire wuta da batir kafin ka taɓa wayoyinta. Kowace waya ka ɗauki hotonta ka sa mata alama. In za ka taka rufin, shimfiɗa falanki ya hau azara biyu ko uku. Abin kankara na roba za ka yi amfani da shi a kan faibar goshi, na ƙarfe yana cin ta.

Abin da za ka tsaya a kai ka gani da idonka ran shimfiɗa: an binne kan kowane sukuru, an goge haɗin katako ya yi sumul, an share ko ƙwayar tsakuwa, don duk abin da aka bari sai ya fito a jikin robar. Gam ɗin shimfiɗa yawanci mai ruwa ne, ba ya son sanyi, a bi zafin da aka rubuta a jikin bokitin. Kowace taga a zauna da ita a kan sabon tef ɗin butil mai danƙo da ke tare ruwa, a ɗaure, sannan a bi kan sukurori da bakin firam da gam mai kwanciya da kansa irin na kamfanin Dicor. A gefen mota inda yake tsaye, wanda ba ya zuba ake sawa. Tagogin roba da suka shekara 11 a rana sun yi gautsi, ka canza su tun suna ƙasa.

Lawal:
Tun da sabuwa zai sa, ya koma TPO mana? An ce ba ta zanen nan a gefe.

Injiniya Auwal:
Ba ta sakin gari kamar EPDM, haka ne, amma ta fi ta tauri, wajen lanƙwasa ta a gefuna sai mai hannu. Ya sa wadda mai gyaransa ya saba shimfiɗawa, da gam ɗin da kamfaninta ya ce. Kowacce ya sa, garantin robar bai shafi gam ɗin haɗi ba, wannan nasa ne ya hau ya duba aƙalla sau biyu a shekara.

Malam Sabo, ƙari ɗaya a kan na'urar sanyi: ba a sa mata gam. Gaskit na soso take zama a kai, ka sayi sabo, kada a mayar da tsohon. Notin huɗu a ɗaure su bi da bi har soson ya matsu zuwa kamar rabin kaurinsa, a tsaya nan. In aka ƙure shi, ruwan da na'urar ke fitarwa ya rasa hanyar wucewa a ƙarƙashinta.

Nasiru:
Ka turo mana hoton katakon baya in an ɗaye. Ina so in ga ko da gaske yana bukatar ganin rana.

Sabo:
Zan turo insha Allah. Injiniya, kusurwar bangon nan mai 22, daga sama zan busar da ita in an buɗe, ko sai na cire allon ciki?

Injiniya Auwal:
Fara daga sama. In an cire ƙarfen gefe da katakon gaba, kan bangon zai fito fili. Sa fanka a kai, ka riƙa aunawa. In ta sauka ƙasa da 15 kuma faibar waje ba ta motsi in ka danna da tafin hannu, bar allon ciki a wurinsa. In ta ƙi sauka, cire kabad ɗin ka buɗe ta bayansa, inda ba za a ga ɗinkin ba.